Wa Ya Leƙa Cikin Kafin A Ce Olsa Ce?

A garuruwanmu yau da wuya ka shiga gida ka rasa mai olsa. Uwargida tana da ita, maigida yana da ita, yarinyar da ta dawo hutu daga makarantar kwana ma ta zo da tata. Kowa da ƙullin maganinsa a aljihu ko a ƙarƙashin matashi. Ka tambayi mai ita wa ya tabbatar masa, sai ka ji ko dai mai kemis ne, ko maƙwabciya, ko likitan da bai ko ɗaga kansa daga kan takarda ba. Babu wanda ya leƙa cikin. A cikin wannan taro na masu olsa kuwa akwai waɗanda ba gyambo ne ke cin su ba. Kansar tumbi ce, tana girma wata bayan wata, ana lallashinta da farin maganin kwalba har ranar da za ta toshe hanyar abinci. Abin yana ƙona mini rai matuƙa, domin ba rashin ilimi ne ke kashe mutanen nan ba. Ilimin yana nan a rubuce, ƙa'idojin gano cutar da auna nisanta da jinyarta suna nan, likitocinmu sun karanta su har sun ci jarrabawa da su. Ƙin aiki da su ne ke kisa, da ƙin samar da kayan da za a yi aikin da su.

Mafi yawan masu zafin ciki da ƙwannafi ba su da kansa, wannan gaskiya ce, kuma ba na son kowa ya karanta rubutun nan ya kasa barci. Matashi ɗan shekara 25 da ƙirjinsa ke zafi in ya ci yaji, babu rama, babu amai, ƙa'ida ta yarda a gwada shi a ga ko yana ɗauke da ƙwayar cutar ciki, a ba shi magani, a ga abin da hali zai yi. Amma akwai alamomin da kowace ƙa'idar likitanci ta ce in an gan su a bar canki-canka. Rama ba gaira ba dalili. Abinci ya riƙa maƙalewa a ƙirji in an haɗiya. Mutum ya yi loma kaɗan ya ji ciki ya cika fam. Aman da ya ƙi tsayawa, ko aman jini. Bahaya baƙa ƙirin mai yauƙi, wadda ke nuna jini yana tsiyaya a ciki. Ƙarancin jini ga namiji, ko ga matar da ta daina al'ada, aka rasa ta inda jinin ke zurarewa. Ƙullutu a saman ciki. Ciwon ciki sabo fil ga wanda ya manyanta, wanda bai san shi ba a da. Hukumar NICE, wadda ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta rubuta a 2015 cewa duk wanda abinci ke maƙale masa, ko mai shekara 55 zuwa sama da ke ramewa tare da ciwon saman ciki ko ƙwannafi, a leƙa cikinsa cikin mako biyu. Mako biyu fa. Mu nan dattijo zai shekara yana ramewa, rigarsa tana masa yawa, ana ƙara masa jini ana sallamarsa, ana cewa olsarsa ce ta tashi saboda azumi ko tunani. Ita ma shekara 55 ɗin ta Ingila ce. A ƙasar da matsakaicin tsawon rai bai kai shekara 60 ba, kuma ake ganin masu cutar nan suna 'yan arba'in da hamsin, likitan da ya jira mutum ya cika 55 kafin ya yi zargi ya yi wa majinyacinsa rashin adalci.

Shi leƙa cikin da nake magana ba wani abin tsoro ba ne. Endoskofi ake kiransa. Bututu ne mai laushi, kaurinsa bai wuce ɗan yatsa ba, da fitila da kyamara a bakinsa. Mutum zai zo da yunwa, a fesa masa maganin kashe zafi a maƙogwaro, a zura bututun ta baki har tumbi, likita yana kallon komai a allo. Minti 10 zuwa 15 an gama, mutum ya koma gida da ƙafarsa. In an ga wurin da bai kwanta wa likita a rai ba, sai a gutsuro 'yar tsoka a kai ɗakin gwaji a duba ta da madubin likita. Ƙungiyar likitocin kansa ta Turai, ESMO, ta ce a gutsuro daga wuri 5 zuwa 8, domin gutsure ɗaya yana iya kuskure cutar. Ko da gyambo aka gani a tumbi, ba a cewa shi ke nan. Ana gutsurar gefensa, a ba da magani, sannan a sake leƙawa bayan mako 6 zuwa 8 a tabbatar ya warke, saboda kansa tana iya zuwa da kamannin gyambo sak. Wannan shi ne matakin farko a kowace ƙa'ida, ta Japan ce, ta Amurka ce, ko ta Turai. Ba a cewa mutum yana da kansar tumbi sai da shi, ba a kuma wanke mai alamomin can daga zargi sai da shi.

To me muke yi a madadinsa? Muna tura mutum hoton ciki, irin wanda ake shafa masa mai mai sanyi a goga na'ura. Hoton nan yana da amfaninsa ga hanta da ƙoda da matsarmama da mai juna biyu, amma iskar da ke cikin tumbi tana tare masa gani, ba ya iya nuna fatar cikin tumbi yadda za a dogara da shi. Sai a miƙo takarda an rubuta komai lafiya, iyali su yi hamdala, a koma kemis. Ranar da hoton zai nuna wani abu, sau da yawa cutar ce ta riga ta isa hanta ko ta tara ruwa a ciki.

Sai kuma omefrazol da 'yan uwansa, waɗanda yau ake sayarwa kamar alewa. Magani ne mai kyau, yana rage tsamin ciki sosai, kuma nan ne haɗarin yake. Yana kwantar da zafin da kansa ke sawa a farkonta, har yakan sa saman gyambon kansa ya yi kamar ya haɗe. Mai ciwo ya ji sauƙi, ya ce maganin ya karɓe shi, ya sayo wani kwali. Kamar wanda gara ta cinye masa azara ne ya samo farar ƙasa ya shafe ɗakin. Ina ganin laifin mai kemis da ke kallon mutum yana zuwa wata da watanni, idonsa yana faɗawa, fatarsa tana fari, amma bai taɓa ce masa Malam ka tafi babban asibiti ba. Sai dai laifin likita ya fi girma a wurina, domin shi ya sani. Na san layin yana da tsawo, na san likita ɗaya yana duba mutanen da ya kamata likitoci da yawa su duba. Duk da haka tambayar “Baba, ka rame kwanan nan?” da “yaya kalar bahayarka?” ba ta cin minti ɗaya. Ɗora mutum a sikeli ba ya cin minti ɗaya. Wanda ya zo karo na uku da kuka ɗaya, a sake rubuta masa magani ɗaya ba tare da an taɓa cikinsa ba, an zalunce shi, ko da wane uzuri aka kawo.

Akwai dalilin da ya sa mu musamman bai kamata mu yi wasa da wannan ba. A 1982, a birnin Perth na Ostireliya, likitoci biyu, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano cewa akwai bakteriya da ke rayuwa a cikin tsamin tumbi, wadda aka sa wa suna Helicobacter pylori. Da aka ƙi yarda da su, a 1984 Marshall ya kwankwaɗi ruwan da ƙwayar take ciki, cikinsa ya kumbura, ya kafa hujja da jikinsa. A 2005 aka ba su kyautar Nobel. Tun 1994 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ƙwayar nan a sahun farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa. Yawanci tun ana yara ake kamuwa da ita, a gidajen da ke da cunkoso da ƙarancin tsabtataccen ruwa. Wani likita ɗan Kolombiya, Pelayo Correa, ya zayyana hanyar da take bi tun 1975: kumburi mai daɗewa, sai fatar tumbi ta siranta, sai ta rikiɗe ta koma kama da ta hanji, sai ƙwayoyin halittarta su fara lalacewa, sai kansa. Tafiyar tana ɗaukar gomman shekaru. Cikin masu ɗauke da ƙwayar, mutum 1 zuwa 3 ne cikin 100 ke kaiwa ga kansa, amma kusan tara cikin goma na kansar da ke fitowa a tsakiya da ƙasan tumbi ita ce sila. Yawan gishiri da shan taba da barasa da gadon dangi suna ƙara mata ƙarfi, kuma maza sun ninka mata kamuwa da kansar. Wani nazari da aka buga a 2017, wanda ya tattara binciken ƙasashe da dama, ya sanya Najeriya a kan gaba, inda kusan kashi 88 cikin 100 na waɗanda aka gwada suke ɗauke da ƙwayar.

A nan ne wasu za su ɗaga hannu su ce ai kansar tumbi ta Japan da Koriya da Sin ce, mu ba ta dame mu ba. Maganar nan tana da asali, kuma asalinta a ƙasarmu yake. Wani likitan tiyata ɗan Birtaniya mai suna Holcombe, wanda ya yi aiki a Maiduguri, ya ga ƙwayar ta game kusan kowa amma ba a cika samun rahoton kansar tumbi ba. A 1992 ya buga maƙala a mujallar Gut ya kira lamarin abin ɗaure kai na Afirka. Tambaya ce ta ilimi, kuma ya kyauta da ya yi ta. Abin da ba a kyauta ba shi ne mayar da ita matashin barci har shekara talatin. A 2005 masana biyu, Agha da Graham, sun bi rahotannin waɗanda aka leƙa cikinsu a Afirka, suka nuna cewa inda aka duba ana samun gyambo ana samun kansa. Mu da muke binne mamacinmu kafin rana ta faɗi, babu takardar shaidar abin da ya kashe shi, babu rajistar kansa a mafi yawan garuruwanmu, da wane baki za mu ce cutar ba ta da yawa? Wanda ya mutu a ƙauye da “doguwar jinya” ba ya shiga lissafin kowa. Ƙididdigar duniya ta 2022 ta nuna sabbin masu kansar tumbi kusan 970,000, mamata kusan 660,000, ita ce ta biyar a yawa, ta biyar a kisa. Binciken da aka buga a mujallar Nature Medicine a 2025 ya yi hasashen cewa nauyin cutar nan a Afirka kudu da Sahara yana iya ninkawa har sau shida nan gaba, saboda yawanmu yana ƙaruwa kuma yaranmu na yau za su tsufa da ƙwayar a cikinsu.

Ko ita ƙwayar ma ba ma yaƙarta yadda ya dace. Gwajin jinin nan na gaggawa da ake yi a ƙananan ɗakunan gwaji ba ya bambance wanda ke ɗauke da ita yanzu da wanda ya taɓa ɗauka ya rabu da ita. Gwajin bahaya ko na numfashi shi ne abin dogaro, kuma sai mutum ya dakatar da omefrazol mako biyu, ya yi mako huɗu bai sha maganin kashe ƙwayoyin cuta ba, in ba haka ba sakamakon zai yi ƙarya. Wa ke gaya wa mutane haka? Maganinta haɗi ne na ƙwayoyi uku ko huɗu, kwana 14 cur, sannan a sake gwaji bayan aƙalla mako huɗu a tabbatar ta mutu. Mu kuwa sai a yanka wa mutum na kwana uku daidai kuɗin aljihunsa. Ga Flagyl da muke sha kan kowane murɗawar ciki, har ƙwayar ta saba da shi a yawancin Afirka. A tsibiran Matsu na Taiwan, daga 2004 aka bi jama'a ana gwadawa ana kashe ƙwayar, kansar tumbi ta ragu da kashi 53 cikin 100. Japan ta sanya maganin a cikin inshorar lafiya ga masu kumburin tumbi a 2013. Abin da aka gwada ne ya yi aiki, ba mafarki ba.

In kuwa gwajin tsoka ya tabbatar kansa ce, ƙa'ida ba ta ce a garzaya ɗakin tiyata ba. Sai an auna inda cutar ta kai. Tsarin da duniya ke bi ana kiransa TNM. Harafin farko yana auna zurfin da ta yi a bangon tumbi: tana fatar ciki ne, ta shiga tsoka, ko ta huda ta fito har ta kama maƙwabtan gaɓoɓi. Na biyu yana ƙirga ƙwayoyin kaluluwar da ta kama a kewayen tumbi, daga ɗaya ko biyu har zuwa 16 da sama. Na uku yana tambaya ko ta yi tsalle zuwa nesa, hanta ko huhu ko tantanin da ya lulluɓe kayan ciki. Daga haɗin ukun nan ake fitar da mataki, na ɗaya zuwa na huɗu. Ana gane haka da hoton siti-sikan na ƙirji da ciki da mara. Kafin babbar tiyata kuma ana yin 'yar huda a ciki a saka kyamara a duba, a zuba ruwa a zuƙe a kai gwaji, domin cutar tana yayyafa ƙananan 'ya'ya a jikin tantanin nan waɗanda siti-sikan ba ya gani. Muhimmancin matakin yana cikin alƙaluma. A Amurka, in an kama cutar tana tumbi kaɗai, kimanin 75 cikin 100 suna kaiwa shekara biyar a raye. In ta bazu nesa, ba sa kai 10 cikin 100.

Ga abin da tsallake wannan matakin yake jawowa, kuma duk wanda ya yi jinya a manyan asibitocinmu ya san labarin. A ce wa iyali a kawo kuɗin aiki. A sayar da gona, a sayar da shanun huɗa, mata su cire 'yan kunne. A shiga da mutum, a buɗe, a tarar cutar ta game ko'ina, a rufe. Bayan 'yan makonni ya rasu. A zaman makoki sai maganar ta fito: ai dama daji ba ya son ƙarfe. Gobe wata baiwar Allah ta ji ƙullutu a nononta, wanda tiyata za ta iya raba ta da shi, sai ta ƙi zuwa asibiti saboda abin da ta gani. Muna zagin jama'a da jahilci a kan camfin nan, alhali aikin da aka yi ba bisa ƙa'ida ba ne yake ciyar da shi. Ƙarfe bai kashe mutumin ba. Jinkiri ne ya kashe shi, sannan aka ƙara masa wahalar yanka da ba ta da amfani, wadda 'yar huda da kyamara za ta iya hanawa.

Jinyar ma tana da tsari. In an kama cutar tana saman fatar tumbi, likitocin Japan sun ƙware wajen fere ta da wannan bututun na endoskofi, ba a yanka ciki ba, ba a cire tumbi ba. In ta yi zurfi amma ba ta yi nisa ba, tiyata kaɗai ba ta isa. Binciken MAGIC na Birtaniya, wanda aka buga a 2006, ya nuna waɗanda aka yi wa kemo, wato jinya da magungunan kashe kansa, kafin tiyata da bayanta, 36 cikin 100 sun kai shekara biyar, waɗanda aka yi wa tiyata zalla kuwa 23. A 2019 likitocin Jamus suka fito da sakamakon haɗin magunguna huɗu da ake kira FLOT, zagaye huɗu kafin aiki, huɗu bayansa, wanda ya ɗaga matsakaicin tsawon rayuwa daga wata 35 zuwa wata 50. Magungunan huɗun nan tsofaffi ne, duk suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Ita tiyatar, ba tumbi kawai ake cirewa ba, ana kwashe kaluluwar da ke bin jijiyoyin jinin da ke ciyar da shi, aikin da ake kira D2. Binciken Holan da ya bi majinyata shekara 15 ya nuna a 2010 cewa wannan ya fi rage mutuwa daga cutar. Dole ɗakin gwaji ya duba aƙalla kaluluwa 16, ya kuma faɗa ko gefen da aka yanka ya fita tsaf. Iyali suna da haƙƙin ganin takardar nan. Wanda aka cire wa tumbi duka zai rayu, yana cin abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, da allurar bitamin B12 har ƙarshen ransa. Kuma duk wannan ba hukuncin mutum ɗaya ba ne. Ƙa'ida ta ce likitan tiyata da likitan kansa da mai karanta hoto da mai duba tsoka da mai kula da abinci su zauna tare a kan kowane majinyaci kafin a taɓa shi.

A mataki na huɗu ana gwada tsokar a ga ko tana da alamar HER2, a ƙara maganin trastuzumab. A binciken 2010 da ya kafa wannan, matsakaicin rayuwa ya tashi daga wata 11 zuwa kusan wata 14. Akwai sababbin magunguna masu zaburar da garkuwar jiki, su ma suna ƙara watanni, a kan kuɗin da talaka bai taɓa riƙewa ba. A dubi lissafin nan da kyau. A ƙarshen hanya ana zubar da miliyoyi a sayi watanni. A farkonta, gwajin minti 15 yana iya sayen shekaru. Mu kuwa mun bar farkon a hannun mai kemis.

Kada kowa ya ce mini ƙa'idojin nan na ƙasashen masu kuɗi ne. A watan Nuwamban 2017, a Kigali, gamayyar likitocin kansa na Afirka tare da cibiyar NCCN ta Amurka suka fara fitar da ƙa'idojin da aka daidaita su da halin Afirka kudu da Sahara, suna nuna abin da ya fi kyau da kuma abin da za a yi in kayan aiki sun gaza. Da likitocin Najeriya aka yi aikin. Takardu ba su ne matsalarmu ba. Muna da dokar 2017 da ta kafa cibiyar bincike da jinyar kansa ta ƙasa, muna da dokar inshorar lafiya ta 2022 da ta ce inshora wajibi ce. A Abuja aka taru a 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya, ƙasar da ta karɓi baƙuncin taron kuwa shekara da shekaru tana yawo a wajen kashi 5. Sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya a Najeriya daga aljihun majinyaci yake fita. Asusun tallafa wa masu kansa da aka buɗe a 2021 ya fara ne da kansar nono da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza. Mai kansar tumbi ya nemi dangi.

Koriya ta Kudu ta fara shirin duba jama'a a 1999, duk mai shekara 40 zuwa sama ana kiransa a leƙa cikinsa bayan kowace shekara biyu. A farkon shekarun 1990 masu kansar tumbi da ke kai shekara biyar a can ba su kai rabi ba, yau sun haura 75 cikin 100. Ban ce mu kwaikwayi wannan gobe ba, cutar ta fi yawa a can kuma aljihunsu ya fi namu. Abin da nake nema ya fi haka sauƙi nesa ba kusa ba: mai alamun haɗari ya samu a leƙa cikinsa ba sai ya yi tafiyar yini ba, ba sai ya sayar da akuya ba. Gwamnonin da ke gasar gadar sama, kuɗin ƙafa ɗaya ta gadar zai sanya na'urar endoskofi a manyan asibitocin jiha da dama, ya horar da masu aiki da ita. Amma su in cikinsu ya murɗa, jirgin Alƙahira ko Indiya ko Dubai suke hawa, can kuwa ranar da suka sauka ake leƙawa. Sun san ƙa'idar sarai, a kan jikinsu.

Mu ma iyalai ba mu fita ba. Da mutum ya fara amai yana ramewa sai a ce sammu ne, an ba shi a abinci, a fara zargin kishiya ko abokin kasuwa. A kwashe watanni ana banke masa jiƙo yana amayarwa, ana cewa sammun ne ke fita. Masu lasifika a mota da masu sayen fili a rediyo suna rantsuwa cewa garinsu yana warkar da olsa da daji a kwana bakwai, babu hukumar da ta ce musu kanzil. Addu'a ba ta hana gwaji, addininmu ma neman magani ya hore mu da shi. In sakamako ya fito kuma sai 'ya'ya su ja likita gefe su ce kada a gaya wa Baba. Baba yana da bashin da zai biya, yana da wasiyyar da zai bari, yana da waɗanda zai nemi gafararsu, kuma jikinsa ne. Ana iya gaya masa da tausasawa, daidai yadda zai iya ɗauka, amma ɓoye masa gaba ɗaya ƙwace ne. Su kuma 'yan uwansa na jini ya kamata a gwada su a ga ko suna ɗauke da ƙwayar, abin da ɓoyon yake hanawa.

Sannan kalmar nan da ake sallamar mutane da ita, “ku koma gida ku ci gaba da addu'a”, ba ta cikin kowace ƙa'ida a matsayin ƙarshen aiki. Wanda cutarsa ta wuce warkewa yana da sauran haƙƙi. In hanyar abinci ta toshe, ana iya saka ɗan bututun ƙarfe ya buɗe ta, ko a yi ƙaramin aiki a kewaye toshewar, mutum ya samu ya sha kunu. Ana tsayar da amai. Ana zuƙe ruwan ciki ya samu numfashi. Ana ba da mofin na sha, magani mai arha, a kan lokaci, ya kwana ba ya ihu. Sallamar mutum da farasitamol alhali kansa tana cin cikinsa rashin imani ne, kuma muna yinsa kullum.

Kwamishinonin lafiya na jihohinmu za su iya fara gyara da takarda shafi ɗaya, da Hausa, mai ɗauke da alamomin can, a liƙa ta a kowane ƙaramin asibiti da kowane kemis mai lasisi, da umarnin cewa wanda aka gani da ɗaya daga ciki a tura shi gaba a ranar, kada a sake sayar masa da maganin olsa. Kowace shiyya ta samu asibiti mai na'urar endoskofi da ke aiki, da wanda ya iya ta, da injin wuta, da motar da za ta kai tsoka ɗakin gwaji a dawo da sakamako cikin mako biyu. 'Yan majalisar jiha kuma, ranar da kwamishina ya zo kare kasafinsa, su tambaye shi na'urorin nan nawa ne ke aiki a asibitocin gwamnatin jihar a yau, a waɗanne garuruwa suke, nawa talaka ke biya, kuma kwana nawa yake jira. Su sa ya amsa a rubuce, a karanta amsar a rediyo.